504 ɗin mahaifinmu: a gyara giyabos ɗinta mai huɗu ko a ɗora mai biyar na 505?

Abba_Fagge:
Assalamu alaikum 'yan gida. Dan Allah shawara nake nema a kan wata Fijo 504 salun, haɗin Kaduna, wadda mahaifinmu Allah ya jiƙansa ya bari. Ta daɗe a ajiye, bana na ɗaura niyyar tayar da ita. An gama aikin injin, an sa sabon ringi da metal, bodi yana wajen mai fenti. Saura giyabos. Nata na asali mai giya huɗu ne, yana nan, amma lamba biyu tana ƙara in za a shiga kuma yana zubar da mai ta baya. Bakanikena ya ce tunda an riga an sauke shi gara kawai mu nemo na 505 mai giya biyar mu ɗora, wai injin zai huta a hanya kuma za ta rage shan mai. Yayana kuma ya ce kada in kuskura, a gyara nata a mayar mata. Ni dai amfanin da zan yi da ita shi ne cikin gari ranar Juma'a da ƙarshen mako, sai zuwa Zariya ko Kaduna wajen dangi lokaci-lokaci. Waɗanda suka taɓa yin aikin nan me kuka gani?

sadiq_turbo:
Wslm. Allah ya jiƙan Baba. Saka mai biyar kawai ɗan'uwa, da tsadar man nan tun da aka cire tallafi a 2023 wa yake tsayawa dogon tunani

Oga_Panteka:
Allah ya gafarta masa. Ƙanina, abin da kake faɗa na lamba biyu sinkiro ne ya cinye, wato zoben da ke daidaita gudun haƙora kafin giya ta shiga, zubar man kuma oyal sil ne na baya, duka biyun aikin yini ɗaya ne in an samu kayan. Giyabos ɗin 504 mai huɗun nan, da ake kira BA7, yana cikin giyabos mafi juriya da na taɓa buɗewa. Kafin ka ce za ka canza, ka sani ba wai a kwance wannan a ɗaura wancan ba ne shi kenan. Furofelar 504 ba a fili take ba kamar ta wasu motoci, tana cikin wani bututun ƙarfe ne da ya haɗa gindin giyabos da bakaksil, a ɗaure tamau. Mai biyar ya fi mai huɗu tsawo saboda giyar ta biyar a baya aka ƙara ta, to kaga dole bututun nan da furofelar da ke cikinsa su zama gajeru daidai da abin da ya ƙaru. In ba ka samu waɗanda suka yi daidai ba sai an kai wa masu tona sun yanke sun yi walda, kuma a nan ne ake samun matsala, in aka kauce ko da kaɗan ne motar za ta rinƙa karkarwa daga ta kai 80 zuwa sama.

Abba_Fagge:
Oga na gode ƙwarai. Bakaniken bai yi min maganar bututun nan ba sam.

Injiniya_Bashir:
Bari mu sa lissafi a ciki don kada maganar ta zama ta ji-ta-ji-ta. A giyabos mai huɗu na 504, lamba huɗu 1:1 ce, wato injin ya juya sau ɗaya furofela ta juya sau ɗaya. A mai biyar ɗin ma lamba huɗu haka take, ta biyar ce obadiraib, wajen 0.82, furofela ta fi injin saurin juyawa. Mu ɗauka bakaksil ɗinka 3.89 ne kamar yadda salun da yawa suke, tayarka kuma 175 R14. A gudun kilomita 100 taya tana juyawa wajen sau 860 a minti, ka ninka da 3.89, injin yana yin wajen juyi 3300 a lamba huɗu. In ka shiga biyar zai sauko wajen 2700. A 120 kuwa wajen 4000 ne a huɗu, 3300 a biyar. Wannan shi ne gaba ɗaya abin da za ka saya da kuɗinka, juyi ɗari shida zuwa bakwai a kan doguwar hanya. Daga lamba ɗaya zuwa huɗu kusan babu abin da zai canza, saboda haka a cikin gari ba za ka ma san an canza komai ba.

sadiq_turbo:
To ai kaga juyi ya ragu da kusan kashi 18 cikin ɗari, mai ma zai ragu haka kenan

Injiniya_Bashir:
@sadiq_turbo a'a ba haka yake tafiya ba. Iskar da motar take turawa a gudun 100 ba ta ragu ba, nauyinta bai ragu ba, don haka ƙarfin da ake buƙata yana nan yadda yake. Abin da ka rage shi ne asarar da injin ke yi a cikin kansa, gugar fistin da ringi da wahalar zuƙar iska ta kafireta in totur a ɗan buɗe yake. Akwai ragi, amma bai kai ragin juyin ba. Sannan lamba huɗu da take kai-tsaye ita ce ta fi kowace giya rashin asara, don ƙarfin ba ya bi ta haƙoran ƙasa, wucewa yake ɗoɗar.

Alhaji_DirebanJos:
Salamu alaikum. Ni tsohon direban haya ne, wagon na ja tsakanin Jos da Kaduna da Kano shekaru masu yawa, duk da giya huɗu. Yara ku daina jin tsoron kukan injin Fijo. Injin nan a wajen juyi dubu uku yake ba da ƙarfinsa, nan ne gidansa, in lagireto lafiya lau ne kuma baƙin mai na kirki ne zai wuni a haka bai ce maka komai ba. Abin da ke kashe injin shi ne a danne shi a babbar giya ba gudu. Na sha ganin masu 505 a hawan Kibo da lodi, mutum ya maƙale a lamba biyar don wai yana tattalin mai, totur a ƙasa, injin yana ƙwanƙwasa kamar zai fito, allurar zafi tana hawa, shi kuma ba zai sauko huɗu ba. Wannan ita ce hanyar cinye metal. In ka saka mai biyar to ka koyi sauka da wuri.

Maman_Ilham:
Ni ban san kan injin ba amma ina da ta cewa. Tamu 504 ɗin da muka taso a cikinta an yi ta canza mata kaya, yau wannan gobe wancan, har ta kai in ka shiga ba ka jin ita ce. Da aka zo sayarwa wanda ya zo gani mai son tsofaffin motoci ne, tambayarsa ta farko ita ce me da me aka taɓa. Abba in don tuna mahaifinku kake gyaran nan ka bar ta yadda ya tuƙa ta. Yayanka yana da gaskiya.

sadiq_turbo:
Hajiya ai giyabos a ƙasa yake ba wanda zai gani

Maman_Ilham:
Shi mai tuƙin ai zai sani.

Nura_Coupe:
Game da maganar asali, ku tuna kamfanin Peugeot da kansa ya sa giya biyar a 504 Coupé a ƙarshen shekarun 1970, kafin nan ma tsofaffin Fijo, 203 da 403 na farko-farko, lambarsu ta huɗu obadiraib ce, ta uku ce kai-tsaye. Wato ba baƙon abu ba ne a gidan. 505 ɗin ma da ta fito a 1979 ƙanwar 504 ce, injin XN1 mai 1971cc ɗin nan duk sun yi tarayya a kansa. Ni a wajena in ka ɗauko kayan Fijo ka sa wa Fijo ba ka ɓata ta ba, ba kamar masu cusa injin Toyota ba.

Oga_Panteka:
@Nura_Coupe tunda ka ambaci XN1 bari in ƙara wannan. Ba kowane giyabos na 505 ne zai hau ba. 505 ta zo da injina iri-iri, akwai mai 2.0 irin na 504, akwai 2.2, akwai dizal, akwai V6, kuma ƙoƙon da ke haɗa giyabos da injin ba ɗaya ba ne. Injin 504 a kwance yake gefe guda, ramukan kusoshinsa da mazaunin kik daban suke. Sai ka nemi wanda aka cire daga 505 mai fetur irin injinka. In za ka je kasuwa ka tafi da tsohon naka a but, a ajiye su gefe da gefe a ƙasa, a auna, a gwada farantin kuloci a kan shaf ɗin a gani ya shiga.

Issoufou_Maradi:
Sallama gare ku 'yan'uwa. Nan wajenmu an yi aikin ga da yawa, musamman masu tahiya Maradi zuwa Zinder ko Konni, hanya ce miƙaƙƙa babu hawa sosai, in ka sa ta biyar sai ka ji motar ta yi shiru kana iya hira da na baya. Ni na sa ma tawa kuma ban yi nadama ba. Amma shawarata guda, kada ka sayi bwat, wato giyabos, shi kaɗai. Ka nemi mota guda da ta mutu ka kwashe komi gaba ɗaya, bwat da bututu da sandar giya da ƙarfen da ke riƙe shi ta ƙasa har da wayar maleji. Wanda ya sayi ɗaya-ɗaya shi ka shan wahala, kuɗɗin da za ya kashe wajen neman ƙananan abubuwa sun hi na bwat ɗin.

Abba_Fagge:
Malam Issoufou ita wayar malejin me ya sa?

Issoufou_Maradi:
Don ɗan haƙorin da ke juya ta cikin bwat yake, kuma an yi shi daidai da bakaksil na motar da ya hito daga ciki. In ba iri ɗaya ba ne da naka allura za ta yi maka ƙarya. Bayan an gama aiki ka buɗe GPS na waya ka gwada da abin da allura ke nunawa.

Dr_Volvo245:
Ina ta karantawa ina jiran wani ya ambaci ɗaya nau'in obadiraib ɗin, wanda ba giya ta biyar ba ce a cikin akwati, wani ƙaramin akwati ne daban da ake ɗaurawa a bayan mai huɗun. Volvo 240 ɗina haka take, M46 ake ce wa giyabos ɗin, giya huɗu ne sai wani maɓalli a kan ƙodar sandar giya, in kana lamba huɗu ka danna sai ka ji juyi ya sauko. Kamfanin Laycock na Sheffield a Ingila ne ya yi shi, irinsa ne a MGB da Triumph da tsofaffin Jaguar. A ciki akwai haƙora masu zagaye juna da wani kuloci mai siffar mazurari, famfon mai ne ke matsa shi, lantarki kuma aikinsa kawai ya buɗe hanyar man ta solenoid. Daɗinsa ba a magana, wlh in za ka yi obatekin ka danna ya fita, ka wuce ka mayar. Amma a ƙasar nan wahala ce. Ranar da nawa ya daina shiga na zaga gareji-gareji, kowa ya leƙa sai ya ce a cire a sa M47 mai biyar a huta, ashe waya ce ta tsinke a ƙarƙashin robar sandar giya. Kuma akwai wani suwic da ke hana shi shiga in kana ribas, wani mai wayarin ya taɓa ce min zai haɗa shi kai-tsaye, da na bari da an yi asarar akwatin, domin in ya shiga a ribas fashewa yake.

Nura_Coupe:
Likita wannan ai ba ya hawa 504 ko

Dr_Volvo245:
Ba ya hawa, saboda bututun nan da Oga ya faɗa babu inda za a sa shi ba tare da an yi ɓarna ba. Na kawo shi ne saboda akwai masu Volvo a gidan nan da ke fama da irin tambayar Abba, M46 ko M47.

Kaftin_LandRover:
Mu ma masu Land Rover Series III muna da namu obadiraib ɗin, Fairey, a bayan tiransifa (akwatin da ke raba ƙarfi ga tayun gaba da na baya) ake ɗaura shi inda murfin PTO yake, wato mafitar da ake ɗaukar ƙarfin injin don juya wata na'ura, da sandarsa daban, sai ka ga sanduna sun cika gaban mota. Yana taimakawa ƙwarai a kwalta don Land Rover a 80 ma ihu take. Sai dai mansa daban ne kuma ɗan kaɗan yake ci, in ka manta da dubawa ya bushe shi kenan. Abin da nake so da shi, ranar da ka gaji ka kwance ka mayar da haƙorin asali da murfin, mota ta koma yadda take.

bello_bitil:
Mu masu Bitil muna gefe muna kallo, lambarmu ta huɗu dama ƙasa da 1:1 take daga kamfani

Alhaji_DirebanJos:
Kun yi nisa. Yaron nan Fijo ya tambaya.

Malam_Habu_Zariya:
Ni tambayata ga Abba, giyar taka a ƙasa take ko a sitiyari? Domin 504 na farko-farko a jikin sitiyari giyarsu take kamar 404. In irin wannan ce to maganar ta canza gaba ɗaya, sai an huda ƙasan motar an sa sanda, kuma ni ba zan ba ka shawarar ka huda bodin da bai ruɓe ba.

Abba_Fagge:
A ƙasa take Malam.

Malam_Habu_Zariya:
To da sauƙi. Amma duk da haka ka duba inda sandar za ta ɓullo, kada a zo ana faɗaɗa ramin da gudumar mai walda bayan an gama fenti. In za a yi, a yi gwajin kafin motar ta fito daga wajen fenti.

sadiq_turbo:
Wai me zai hana a bar giya huɗun a canza bakaksil kawai a sa mai gudu? Ko a sa manyan tayu

Injiniya_Bashir:
Ana yi, amma ka san abin da ka saya. Bakaksil yana shafar kowace giya ne har da lamba ɗaya da ribas. In ka sa wanda zai sauke maka juyi a hanya, tashi daga tsaye zai yi nauyi, a goslon Kano kuloci ne zai biya kuɗin. Amfanin giya ta biyar kenan, tana ba ka doguwar ƙafa a sama ba ta taɓa na ƙasa ba. Manyan tayu ma haka ne, ga su kuma suna iya gugar bodi in an yi lodi.

Abba kafin komai ma ka tabbatar da bakaksil ɗin da ke jikin motar, don mota mai shekaru haka ba mamaki an taɓa canza shi, ana yawan sa na wagon a salun kuma na wagon ya fi gajarta, injin ya fi ihu da shi. Ga yadda za ka gane ba sai an buɗe ba, in an mayar da giyabos. Ka sa duwatsu a tayun gaba, ka ɗaga tayar baya guda ɗaya tak da jak, ɗayar tana ƙasa. Cire fulogai don injin ya yi sauƙin juyawa, ka sa lamba huɗu, ka sauke hanbirki. Ka sa alli ka yi alama a fulin injin na ƙasa, ka yi wata a jikin tayar da ka ɗaga. Sai mutum ɗaya ya rinƙa juya injin da sifana yana ƙirgawa, ɗaya yana kallon taya, har tayar ta yi zagaye biyu cif. Adadin juyin da fuli ya yi shi ne lambar bakaksil ɗinka. In ya kusa huɗu bai kai ba, 3.89 ne ko kusa da shi. In ya haura huɗu to gajere ne, kuma a nan giya ta biyar za ta yi maka amfani sosai fiye da lissafin da na yi a sama.

Oga_Panteka:
Injiniya ya faɗi gaskiya, haka muke yi. Ƙari ɗaya, ko wanne ka zaɓa, giyabos ɗin Fijo na wannan zamanin baƙin mai ake zuba masa irin na injin, haka littafin motar ya ce, mai kaurin nan kuma na bakaksil ne, ba na giyabos ba. Yara da yawa suna ɗura masa mai kauri, da safe giya ta ƙi shiga, a yi ta turawa da ƙarfi, sinkiro ya tafi. Ba mamaki abin da ya ci lamba biyunka kenan.

Hamza_Kofa:
Nima na bi ta hanyar nan da 504 ɗina. Na sayi mai biyar a hannun wani mai kayan Beljiyam, ya rantse min lafiyayye ne, a ƙasa ka juya shi da hannu sumul, da aka ɗora muka hau titi lamba biyar sai kuka take kamar jiniya kuma in ka saki totur ta fice da kanta. Boris ɗin baya ya mutu. Na koma ya ce kaya sun fita sun fita. Ka tuna duk mai biyar da za ka samu yau shi ma ya shekara talatin ko fiye, ba sabo ba ne, shi ma sai an buɗe an duba. Wato kuɗi biyu ne a gabanka ba ɗaya ba, na sayen da na buɗewar. Ka sa a kwance magudanar man a gabanka ka ga ko akwai garin ƙarfe a jikin kusar.

Issoufou_Maradi:
Wanga gaskiya ne, nawa ma sai da aka canza mishi boris kahin a ɗora.

Alhaji_DirebanJos:
Kuma ina so in tambayi masu cewa 120, a wace hanyar? Dokar Road Safety ma 100 ce ga ƙaramar mota a babban titi. Mota mai shekara arba'in, birkinta na wancan zamanin, ga ramuka ga tirela ga masu keta titi. Ni da za a ji tawa, kuɗin giyabos ɗin a sa shi a birki da shokoba da tayu sababbi da lagireto. A 90 lamba huɗu ba ta da wata matsala.

Nura_Coupe:
Baba maganar birki gaskiya ce ba musu. Amma ko a 100 ɗin, awa uku daga Kano zuwa Kaduna da injin a 3300 da kuma a 2700 ba ɗaya ba ne a kunne, mutum yana sauka da sauran ƙarfinsa. Ba duka ne maganar mai ba.

Malam_Habu_Zariya:
Tunda an zo maganar lagireto, Abba ka duba fankarka. Ta asali mai maganaɗisu ce, sai injin ya yi zafi take kamawa, amma yawancin na nan an ɗaure su suna juyawa kullum. In taka a ɗaure take, rabin ihun da kake ji a hanya na fanka ne ba na injin ba.

Oga_Panteka:
Da zafin Kano a watan Afrilu ni ban ga laifin wanda ya ɗaure ba Malam Habu.

Malam_Habu_Zariya:
Ban ce laifi ba ne Oga, cewa na yi ya san daga ina ƙarar take kafin ya kashe kuɗi a giyabos.

Abba_Fagge:
Na gode muku baki ɗaya, Allah ya saka da alheri. Abin da nake gani yanzu, zan sa a gyara mai huɗun a mayar tunda dole ma sai da shi za a yi gwajin allin da Injiniya ya faɗa, in hau ta zuwa Zariya in ji da kunnena. In na ga ba zan iya ba sai in fara neman 505 guda da ta mutu kamar yadda Malam Issoufou ya ce, kuma ko an canza ba za a yanke bututunta na asali ba, zan ajiye shi da giyabos ɗin a ɗaki. Yayana dai har yanzu bai yarda da ko wannan ɗin ba.

sadiq_turbo:
Aiki biyu kenan za ka yi, kuɗin sauke giyabos sau biyu. Ni dai har yanzu ina kan bakana

Maman_Ilham:
Ka saurari yayanka dai.

Hamza_Kofa:
Oga_Panteka dan Allah sinkiron lamba biyu na BA7 ana samun sabo yanzu ko sai dai a ciro daga wani? Akwai wani abokina a Gusau da ke nema.

Oga_Panteka:
Ana samu amma akwai na banza da yawa a kasuwa, ƙarfen ba ya jure wata shida. Ya turo min hoton nasa ta inbox tukuna in ga wane iri ne.